Yadda Za Ki Ɗauki Hoton Mutanen Gida Ya Fito Da Kamanninsu

 

Yau maganar hoto za mu yi. Kafin ki ci gaba da karatu, ɗauko wayarki ki buɗe wurin da hotuna suke. Na san za ki tarar da ɗaruruwa, watakila ma dubbai: na biki, na suna, na atamfar da wata ta turo miki talla, na abincin da kika girka ranar Salla. To, a cikinsu duka ki nemo guda ɗaya na mahaifiyarki ko na kakarki, wanda in an wanke shi an sa a firam, jikan da ba a haifa ba tukuna zai duba ya san kamanninta sosai. Yawancinmu sai mu yi ta nema mu rasa. In ma an samu, ko dai fuskar ta yi duhu, ko ta yi dishi-dishi, ko kuwa tsohuwar tana can gefe cikin taron mutum ashirin, kanta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ranar da ta Allah ta kasance, wannan ɗin ne za a yi ta ja da yatsa ana ƙara masa girma har ya dagule, ana tura wa dangi.

Iyayenmu a shekara sau ɗaya ko biyu suke ganin mai hoto. Fim ɗaya hoto 24 yake ci ko 36, kowanne kuwa kuɗi ne, saboda haka ba a dannawa sai an shirya. An yi wanka an ci ado, mai hoto ya zaunar da mutum, ya gyara masa zama, ya dubi inda rana take, sa'an nan ya ɗauka. Hoto ɗaya tak, amma ga shi har yau a bangon ɗaki. Yanzu kyamara tana hannun kowa, dannawa ba ta cin ko kwabo, shi ya sa muka daina lura. Abin da mai hoton nan ya sani kuwa, mafi yawansa sanin haske ne, kuma wayar da ke hannunki ta isa, ko ta nawa kika saye ta.

Ki fara da lokaci. A ƙasarmu da tsakar rana, rana bisa kai take tsaye. In kin tsayar da mutum a tsakar gida da azahar, goshi da karan hanci su yi ƙyalli, idanu su faɗa cikin rami baƙi ƙirin, ga shi mutum ya yamutsa fuska don zafi. Ba wanda irin wannan haske yake yi wa kyau, ko amarya ce ranar kai ta. Lokacin hoto shi ne da safe kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuwa da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi sanyi haskenta yana zuwa daga gefe. Sai dai ki hanzarta, domin a nan wajenmu rana ba ta jinkirin faɗuwa, kina cikin neman ɗankwali sai ki ji an kira magariba.

In kuwa dole da rana za a yi, kamar ranar suna ko ranar Salla bayan an sauko daga Idi, to ki nemi inuwa. Amma inuwa ma suna ta tara. Ta gindin darbejiya tana da daɗin zama, sai dai rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda. Rumfar biki mai jan tamfol ko shuɗi kuwa rina mutane take yi, kowa ya fito da launin tamfol. Inuwar da kike so ita ce ta bango, ko ta baranda, ko bakin zaure, inda rana ba ta taɓa mutum amma fuskarsa tana kallon sarari. Ki tsayar da shi daga bakin inuwar, kada ki tura shi can ƙurya. Ranar da hadari ya rufe sama, ko lokacin hazo, duk tsakar gidan ya zama wurin hoto, domin an tace hasken tun daga sama. Da hunturu sai dai a tuna a shafa wa yara mai, kada su fito furu-furu da leɓe a tsage, amma kada a lafta shi har fuska ta riƙa walƙiya.

A cikin ɗaki ba abin da ya kai taga ko ƙofa a buɗe. Ga inda yawancinmu muke ɓata hoto: sai a tsayar da mutum a bakin ƙofa, hasken waje yana bayansa, mai ɗauka tana cikin ɗaki. Abin da zai fito shi ne baƙar inuwa mai siffar mutum. Ku yi musanyar wuri. Ke ki koma wajen ƙofar, haske ya wuce ta kafaɗarki ya sauka a kansa. Wanda ya fi wannan kyau ma shi ne ki ajiye kujera kusa da taga, Inna ta zauna a ɗan karkace, yadda haske zai zo mata ta gefe, kunci ɗaya ya fi ɗaya haske kaɗan. Wannan 'yar inuwar ita ke fito da siffar hanci da haɓa da tsagen fuska in akwai. Ki kashe ƙwan lantarki, domin launin haskensa daban da na rana, in sun haɗu sai rabin fuska ya yi ruwan ɗorawa. Sa'an nan ki dubi ƙwayar idonta. In kin ga ɗan ɗigon haske yana ƙyalli a ciki, to zaman ya yi daidai. Idon da babu wannan ɗigo a cikinsa, a hoto kamar na mai barci yake fita.

Kada ki raina wannan dabara don ta tsakar gida ce. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin sana'arsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gidansa ya ɗauke su da hasken rana, abin da ya fara ratayawa a bayan mutane kuwa mayafin gadonsa ne, daga baya ya riƙa sauya yadi masu zane. Saboda tsadar kayan aiki, galibi sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Ya rasu a 2001, a 2016 kuma aka yi gagarumin baje kolin hotunansa a birnin Faris na ƙasar Faransa. In kin ga hotunan nan, matan Bamako ne da ɗaurin kallabinsu da 'yan kunnensu, wata a zaune, wata a kishingiɗe, kowace ta fito da kwarjininta kamar za ta yi miki magana.

Akwai wata magana kuma da ta shafe mu musamman, watau launin fata. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, da shi suke gwada ko launi ya zauna daidai. Fatar Bature ce ma'auni ke nan. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fito da katin da ya haɗa mata uku masu launi daban-daban, har da baƙar fata. Masu ƙera wayoyi sun zo sun lura da wannan giɓi. Kamfanin ƙasar Sin mai yin Tecno da Itel da Infinix ya yi suna a Afirka wajen daidaita kyamararsa da baƙar fata, Google kuma ya fito da nasa gyaran a 2021. Duk da haka har yanzu waya tana ruɗewa, kuma ya kamata ki san dalili. Ita kyamara tana auna hasken duk abin da ta gani ne a dunƙule. In ta ga farin hijabi, ko farar shadda, ko farin bango ya cika wuri, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar da ke tsakiya ta nutse cikin duhu.

Maganin wannan a yatsanki yake. Kafin ki ɗauka, ki taɓa fuskar mutumin a allon wayar. A yawancin wayoyi za ki ga ɗan akwati ko da'ira ta fito, da 'yar alamar rana a gefe. Ki ja alamar nan a hankali ta wajen ƙarin haske har sai kin ga fuskar ta yi kamar yadda idonki yake ganinta, sa'an nan ki tsaya, kada ki zarce har farin tufafin ya ƙone. In ɓangare ɗaya na fuskar ya cika duhu, ki sa ƙanwarki ta riƙe farin zane, ko babban farantin silba na kai abinci, daga wannan ɓangaren, ta karkata shi har ya mayar da haske kan kunci. Masu sana'ar hoto kuɗi suke sawa su sayi abin da ke yin wannan aiki, ke kuwa yana cikin kayan jerenki. Filashin waya kuma ki kashe shi, in ba dare ne ya tilasta ba. Yana shafe siffar fuska, ya fito da maiƙo, wani lokaci ya mai da ido ja.

Zan ɗan tsaya a kan abin nan da ake ce wa filta, mai goge fuska ya ƙara mata fari. 'Yan mata, in kun yi wa kanku don wasa, ruwanku. Amma a ganina zalunci ne a sa wa tsohuwa. Wayoyi da yawa da shi suke zuwa a kunne, musamman kyamarar gaba, ba tare da kin sani ba. Sai ki ga an goge wa baiwar Allah tamoji, an goge tsagen gado, an mai da ita fara sol kamar 'yar tsana, wadda ko 'ya'yanta ba su santa haka ba. Ki shiga ki kashe shi. Yarinyar da ta tashi tana ganin kowane hotonta an ƙara masa fari, me kike tsammani za ta ɗauka game da fatar da Allah ya ba ta?

Sai maganar tazara. Kyamarar waya an yi ta ne ta kwaso wuri mai faɗi, saboda haka in kin kusantar da ita ga fuska, abin da ya fi kusa da ita shi ke kumbura. A 2018 wasu likitoci a Amurka sun lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da wajen kashi 30 cikin 100, in an gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Kin ga dalilin da ya sa selfi ba ya kama da mai shi. Ki ja da baya kamar taku biyu ko uku. In wayarki tana da alamar 2x ki danna ta, amma kada ki yi ta buɗa hoto da yatsu biyu don jawo na nesa, wannan dagula shi yake yi. Ƙafa ita ce ta jawowa. Ki sa fuska da kafaɗu su cika hoton, ba ruwan jikoki da silin ɗakinku. In kuma tsawon mutum duka kike so, kada ki datse masa ƙafa a idon sawu ko hannu a wuyan hannu.

Ki riƙe wayar daidai tsayin idon wanda kike ɗauka. In yaro ne ki durƙusa, in Kaka tana kan tabarma ke ma ki zauna, wanda dama shi ne ladabi. Hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙara wa kai girma ya tsuke jiki, na ƙasa kuwa ƙofofin hanci yake nunawa. Ki kama wayar da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Idon kyamarar nan kuma, da shi kika shiga madafa, da shi kika taɓa man gyaɗa; ki goge shi da gefen zane mai laushi. Rabin hotunan da muke cewa waya ce ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne kawai.

Kafin ki danna, ki ɗauke ido daga fuskar ki dubi abin da ke bayanta. Igiyar shanya ce ta ratsa ta kunne? Buta da bokiti ne a gefe? Ko turken eriya ne ya tsiro daga ɗankwali? Matsawa taku ɗaya ta kan gyara wannan. Bangon ƙasa wanda aka yi wa yaɓe yana da kyau ƙwarai, haka sabuwar tabarma in an jingina ta, ko gwado, ko atamfar da ba ta yi faɗa da tufafin jiki ba. Ki janye mutum daga jikin bango kamar taku biyu don kada inuwarsa ta manne masa. Tsarin nan na waya mai sa bayan mutum ya yi hazo-hazo yana taimako, amma ki duba gefen mayafi da ɗauri, yakan cinye su.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abu na gaba, watau shawo kan mutumin da kansa. Mu Hausawa da an ɗaga kyamara sai mu sandare, mu ɗaure fuska kamar za a yi katin shaida. In kin ce “yi dariya” kuma a yi miki yaƙe. Yara kada ki tsayar da su a layi. Ki bar su da abin da suke yi, ko langa ce, ko 'yar tsana, ko rubutun allo, ki tsugunna kusa ki yi ta ɗauka da yawa, daga baya ki zaɓi ɗaya ki share saura. A yi bayan sun ci sun ƙoshi, ba lokacin da barci ya fara ɗibarsu ba.

Manya kuwa sai da izini da lallashi. Ki gaya wa Hajiya tun jiya, don ta zaɓi tufafin da take so a ganta da su, ta sa kwalli in tana so. Akwai tsofaffin da ba sa son hoto sam, wasu saboda abin da suka ji daga malamansu, wasu don haka suka taso. Wadda ta ƙi, a ƙyale ta, kada a ɗauke ta a ɓoye. Wadda ta yarda, kada ki sa mata waya a fuska tun daga sallama. Ki zauna ku gaisa, ki tambaye ta labarin garinsu, ko yadda aka yi bikinta, ko nawa ake sayar da kwanon gero a zamaninsu. Tana cikin ba da labari fuskar za ta saki, nan ne za ki ɗauka.

Na san uwargida za ta ce, ni ina ni ina ɗaga wa surukata waya? Gaskiyarki. Wannan aikin 'yan makaranta ne. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da ke ba za ki iya faɗa ba, 'yarki za ta faɗa a yi dariya. Ta ce wa Kaka kishiyarta ta zo ta ga ko har yanzu da sauran kyau, ki ga yadda tsohuwa za ta washe baki tana rama zolaya. Ke dai ki koya wa yarinyar inda za ta tsaya da inda za ta taɓa. Haka kuma uwayen da ke kunyar ɗan fari, har ya girma ya yi iyali ba su taɓa tsayawa hoto tare ba, jikokin ne za su iya haɗa su.

Kada ki tsaya ga fuska kaɗai. Ki ɗauki hannuwan Kaka riƙe da carbi, ko tana tsince shinkafa, ko tana murza mazari in har yanzu tana kaɗi. Ki ɗauki lallen amarya, ki ɗauki kitson yara daga baya da daga gefe ranar da aka yi shi. Wani mai hoto ɗan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson matan ƙasar nan a 1968, ya tara wajen hoto dubu kafin rasuwarsa a 2014, yau duniya tana kallonsu a manyan gidajen baje koli. Kitson da kike ganin kowa ya san shi, nan da shekara talatin sai an yi tambaya.

In gidanku na mata biyu ne ko uku, ki lura da wannan. Yara suna duba waya, suna kuma ƙirgawa. Kada a ga naki sun cika ta, na abokiyar zama ko ɗaya babu, ko kuwa kullum suna can gefe an yanke musu rabin fuska. Haka yarinyar da ake riƙo. Sa'an nan ke kanki fa? A gidaje da yawa mai ɗaukar hoto ita ce ba ta cikin ko ɗaya. Ki jingina wayar a kan turmi ko kujera, ki sa mata ƙidayar daƙiƙa 10, ki ruga ki shiga cikin 'ya'yanki, ko da kayan aikin gida ne a jikinki.

Hoton ya yi kyau, saura adana shi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, yaro yana share komai cikin minti ɗaya. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi ake yi ya rage kyau. In don ajiya ne ki danna alamar HD da aka ƙaro a 2023, ko ki tura shi ta hanyar da ake tura takardu, wadda ba ta rage komai. Masu ajiya a Google su sani wurin kyauta gigabayit 15 ne, kuma tun ƙarshen 2023 kamfanin yana iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Game da sa hoto a Facebook da makamantansa kuwa, na kowace mace sai da yardarta, na yarinya da kayan makaranta mai bajo a ƙirji gara a bar shi a gida, domin kin gaya wa wanda ba ki sani ba inda take wuni ke nan.

Abin da ya fi duka shi ne takarda. Duk bayan Salla ki zaɓi biyar ko goma ki kai a wanke. Hoto mai inci 4 da 6 bai buƙaci fiye da megafiksel 2 ba, wayarki ta ninka haka sau da yawa. Ki sa su a albam, nesa da danshin damina da gara, kada ki rataya firam inda rana ke dukansa kullum. Tsofaffin hotunan gida da babu na biyunsu kada a kai a manne su da leda mai zafi, domin ba a iya ɓare ta. Ki fitar da su daga gilashi in ba su manne ba, ki shimfiɗa a inuwa ki ɗauke su da waya ba filashi.

A ƙarƙashin kowane hoto a albam, ko a bayansa da fensir mai laushi ba tare da dannawa ba, ki rubuta shekara da gari da suna. Sunan yanka nake nufi, haɗe da na mahaifi. Saboda kunya da girmamawa, a gidajenmu ba a kama sunan manya, kowa Inna, kowa Goggo, kowa Hajiya Babba, har a sami jikokin da ba su san ainihin sunan kakarsu ba. In ke ba za ki iya rubuta na surukarki ba, ba wa 'yar makarantar fensirin ta je ta tambayo ta da bakinta.